Milimita Goma Sha Huɗu

Aikina bin ruwa ne.
Shekara goma sha tara ina taka gefen magudana
a duwatsun Madeira, manjagara a kafaɗa,
ina tsamo ganye da rassa, wata rana mushen ɓera,
don masu ayaba a gangare su sami rabonsu.
Kunnena ya san kukan ruwan da ya sami hanya,
ya san shirun wanda aka tare.

A Funchal, a wani ɗaki mai duhu,
aka shafa wa cikin Idalina mai mai sanyi.
Likita Perestrelo ta ce ga zuciya, ga ƙashin baya, namiji ne.
Sannan ta yi irin shirun da na sani.
A kan allo, cikin ƙodar hagu, wani baƙin tafki ya kwanta.
Milimita goma sha huɗu.
Inda fitsari zai gangara mafitsara, bakin ya tsuke.

Na ce to a buɗe mana.
Ta ce, Duarte, da yawansu da kansu suke warwarewa.
Za mu auna, mu jira, mu sake aunawa.

Jira! Ni da ban taɓa tafiya gida na bar toshiya a baya ba.
A mota na gwada lambar a farcen babban yatsana,
ko cika shi ba ta yi ba.
Abin da bai kai farce ba ya hana mutum biyu barci.

Telmo ya zo a Fabrairu, ana tafka ruwa.
Ya tsula wa ungozoma fitsari a hannu,
na yi dariya har da ƙwalla, na ce shi ke nan.
Ashe ƙodar dama ce ta yi wannan bajinta.
Kwana uku aka sake hoto: sha tara.

Muka koyi sabon lissafi.
Idalina na jinjina kunzugu a tafin hannu
kamar mai taya kifi a kasuwa.
Maganin kariya, 'yan ɗigo kowane dare.
Ma'aunin zafi na kwana a ƙarƙashin matashinta,
don an ce in jiki ya yi zafi
kada mu jira gari ya waye.

Sati shida, aka yi masa allurar da ke nuna hanyar ruwa.
Layi biyu a kan allo.
Ɗaya ya hau ya sauko, kamar akuyar da ta san gida,
ɗayan ya hau ya maƙale a sama.
Kashi arba'in da uku na aikin, ta hagu ke yi. A jira.
Wata biyar: talatin da shida, tafkin kuma ya ƙara faɗi.
Likitan tiyata, Nóbrega, ya juya bayan takarda ya zana:
a yanke nan, a faɗaɗa baki, a ɗinke,
a bar ɗan siririn bututu na 'yan makonni.
Na gane zanen sarai.
Na sha yin irinsa da siminti, amma hannuna bai taɓa rawa ba.

Awa uku ina ƙirga tayil ɗin baranda.
Ɗari biyu da sha ɗaya, biyu sun tsage.

Da suka fito da shi, ban kalli fuskarsa ba tukuna,
'yar jakar da ke rataye gefen gado na kalla.
Ɗis. Ɗis. Ruwan hoda, sannan rawaya.
Idalina ta ce mene ne?
Na ce yi shiru, ina saurare.

Yanzu tabon ya kai tsawon ɗan yatsansa.
Hoton ƙarshe ya ce takwas. Akwai wani a watan Yuni.
Jiya na goya shi zuwa magudanar sama,
gajimare na shafar gwiwoyina.
Ya tsinko ganye ya jefa a ruwan da na gama sharewa.
Manjagara na hannuna. Ban ɗaga ba.
Muka bi ganyen da ido har ya sha kwana.